Ranar da Na Ƙi Gudu

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin danginmu. Na san ta kai kunnen kowannenku, duk da ba wanda ya taɓa kawo mini ita a gabana. Ana cewa ranar da ruwa ya kusa cinye mahaifiyarku da jikata Ummi a rafin Tudun Kanya, ni ubanku ina tafe hannu a baya, ina taku ɗai-ɗai kamar mai zuwa ɗaurin aure. Maganar gaskiya ce. Haka na taho, kuma da za a maimaita ranar, haka zan sake tahowa. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, shi kuma zan rubuta a nan, musamman saboda Yayarku, uwar Ummi. Ita ce 'yar farinmu, ni da ita ba ma zama mu yi doguwar magana, ko sunanta ba na iya kamawa. Tunda kunya ta hana ni faɗa mata baki da baki, bari in rubuta ta karanta a ɗakinta.

A shekarun da abin ya tsananta, lokacin da mutum ba ya fita gona sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai doguwar tafiya, aka ɗauke ni daga Safana aka kai ni shugabancin firamaren Tudun Kanya, a ƙasar Ruma. Kun riga kun watse a lokacin, wannan na Katsina, wancan na Kano, sai ni da mahaifiyarku kawai muka tare. Ku da ba ku zauna garin ba, bari in zana muku shi, don in ba ku san yadda yake ba, ba za ku gane labarin ba. Makaranta tana can ƙarshen gari ta yamma. Bayanta gonaki ne, bayan gonaki kuma daji, wanda daga cikinsa 'yan bindiga suke fitowa. Ta gabas kuwa gari gangarawa yake yi zuwa wani rafi, a tsallakensa akwai tudu da hanyar Batsari. Da rani rafin yashi ne zalla, mata suna shanya a ciki. Da damina ba shi da amana ko kaɗan. Sai ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, ka dawo da la'asar ka tarar ya kawo, yana tafe da itatuwa.

Kafin zuwana an taɓa shiga garin, an kashe mutane, an kora shanu, an tafi da wasu daji. Saboda haka mutanen suka yi wa kansu doka a ƙofar masallaci: ba a gudu a Tudun Kanya. Yaro ba ya gudu ko aikensa aka yi. Akuya in ta kwance sai a bi ta da lallami. Gudu an ajiye shi don abu ɗaya tak. In ka ga mutum ya rugo daga yamma, to, sun zo. Ka ɗauki mai rai da ya fi kusa da hannunka, ka yi gabas, ka tsallaka rafi. Wanda ya fi kusa da ƙofar mai gari kuma ya buga tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya, don na cikin gida su ji. Ni kaina na riƙa maimaita wa 'yan makaranta wannan doka a layin safe, fiye da yadda nake maimaita musu lissafi.

To, a irin wannan gari ne likita ya ce sai na riƙa gudu. Ciwon suga ne ya kama ni, na je Katsina aka auna. Likitan, wanda a haife na haife shi, ya ce in rage tuwo, in bar shayi mai zaƙi, in riƙa sassarfa kullum har sai na yi gumi, in ba haka ba ciwon zai fara da ƙafafuna. Rage tuwo bai dame ni ba kamar sassarfar. Na san ba zan ɗaga ƙafa a garin nan ba sai da izini, don haka na je gaban mai gari, muka gaisa tun daga gajiya har zuwa shuka, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ranka shi daɗe, likita ya ce in riƙa gudu."

Ya dube ni, ya dubi tumbina.

"Malam, wa zai biyo ka?"

"Ba kowa. Magani ne."

"Ikon Allah. Mu muna gudu don mu rayu, kai ma ashe haka. To, na yarda, amma cikin filin makaranta kaɗai, kuma bayan la'asar, kowa shi sani. In ka gama, ka tako gida kamar kowa."

Haka aka yi. Aka sanar a masallaci cewa in an ga hedimasta yana zagaya fili kada a tsorata, maganinsa yake sha. Da farko mutane sukan tsaya a bakin fili suna kallona kamar an kawo biri, daga baya suka saba. Ƙanenku Aminu da ya ji labari ya aiko mini da waya daga Kano, ya cika ta da tsofaffin kiɗe-kiɗen noma irin na ƙuruciyarmu, ya haɗo da iyafis, wannan igiya da ake sa wa a kunne. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin nan fiye da yadda ya kamaci dattijo. In gangar noma ta cika mini kunne, ƙafa da kanta take ɗagawa. Kuma akwai wani abu da ban gaya wa kowa ba. A garin da kunnenka kullum yake a buɗe, kana sauraren ƙarar babur, kana sauraren haushin kare, wannan ɗan lokacin ne kaɗai ba na sauraren komai. Hutu ne daga tsoro.

Mahaifiyarku kuwa ta sami abin tsokana. Kun san ta, ba ta da yawan magana, amma in ta jefo ɗaya sai ta zauna daidai. Duk ranar da na ɗauko wandon motsa jiki sai ta ce:

"Za a tahi rawar suga ke nan. Mutum in ya tsufa shina matsawa kusa da masallaci, Malam shi kuma shina matsawa kusa da makaɗa."

A daminar wannan shekara Ummi ta isa yaye. Kamar yadda aka saba, wajen kaka za a kai ta, ta manta da nono. Mijin Yayarku ya kira ni, ya yi ta kewaye-kewaye irin na suruki, daga ƙarshe ya ce yana jin labarin yankinmu a rediyo, hankalinsa bai kwanta ba. A lokacin an ɗan sami sauƙi, mutane sun yi shuka har kusa da daji. Ni na ce masa ya kawo ta, Allah ne mai tsarewa, kuma muddin ina raye ba abin da zai taɓa ta. Da bakina na faɗa. Aka kawo ta a bayan a-kori-kura, da 'yar jakarta da jajayen takalmanta na roba. Tun daga ranar ba ta sauka daga bayan mahaifiyarku ba sai in za a yi mata wanka.

Ranar da abin ya faru gero ya fi tsayin mutum. Na yi sallar la'asar, na tafi fili. Hadari ya haɗo ta gabas, na gan shi, amma kwanakin nan haka yake haɗowa ya watse, ya bar mu da zafi. Ban san cewa can sama da mu, inda rafin yake tasowa, tun azahar ake tafka ruwa ba. Na sa iyafis, na ƙure ƙara, na fara zagaye. Kiɗa ya ɗauke ni. Ban ji rugugin tsawa ba, ban lura da yadda tsuntsaye suka yi shiru ba. Abin da na fara ji shi ne iska mai sanyi ta bugi gumin bayana. Ina ɗaga kai na ga gari ya yi baƙi ƙirin, kafin in kai bakin fili ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Sai aradu ta faɗi. Akwai wata giginya a gefen fili, ba nisa da inda nake. Na ga haske fari fat, na ji ƙarar har cikin haƙorana, na ga kan giginyar ya dare yana hayaƙi cikin ruwa. Wanda ya ce zai tsaya ya tuna da dokar gari a wannan lokaci, bai taɓa ganin aradu kusa ba. Ban yanke shawarar gudu ba, ƙafafuna ne suka yanke. Hulata ta tashi, ban waiwaye ta ba. Na bi hanyar da ta ratsa gari daga yamma, ina gudu irin wanda ban yi ba tun ina saurayi, ganga tana ci gaba da bugawa a kunnena kamar ba abin da ya faru.

A bakin gari na wuce Sale, shugaban 'yan sa-kai, wato samarin da suke gadin gari da bindigogin gargajiya. Yana fake a ƙarƙashin wata rumfa. Na ga bakinsa yana motsi, na ga ya ɗago hannu, amma ruwa na dukan idona, kiɗa na kunnena, na wuce. Ku tuna, ni mutum ne da in na haɗu da kai sau biyar a yini sai na gaishe ka sau biyar. Ba a taɓa ganin na wuce ko yaro ban ce masa komai ba.

Ina shiga gari na ga mutane sun fara gudu tare da ni. Ban kawo komai a raina ba, na ce ruwa suke guje wa. Har na ji wani ɗan alfahari, ga dattijo yana wuce samari. Sai wata mata ta wuce ni ba mayafi, da yaro a kowane hannu. Sai na ga wani tsoho da na sani, mai ciwon gwiwa, yana jan ƙafa yana kuka. Ba a kuka don ruwa. Daidai nan igiyar iyafis ta sarƙe a dannin wani gida, ta fizge daga kunnena.

Har yau in na tuna ƙarar da ta shigo mini a lokaci ɗaya, sai tsigar jikina ta tashi. Ihun mata, kukan yara, kukan awaki, ruwa yana dukan kwano, a saman duka kuma ƙarfen ƙofar mai gari, ana buga shi ba tsayawa. Wani ya wuce ni yana cewa sun shigo, sun shigo. Na san abin da ake yi wa ma'aikacin gwamnati in an kama shi, ana tafiya da shi daji ne a riƙa kiran 'ya'yansa a waya. Amma ba wannan ne ya fara zuwa mini ba. Abin da ya zo mini shi ne muryar surukina, da amsar da na ba shi.

Na faɗa gida ina kiran mahaifiyarku. Ƙofa a buɗe, ɗaki ba kowa. Tukunyar tuwo tana kan murhu a madafa, muciya a ciki. A tsakar gida, cikin ruwa, ga jan takalmin Ummi guda ɗaya yana juyawa. Na ɗauke shi, ban san dalili ba, na sa a aljihu. Na fito. Layinmu ya zama wayam, sai Baba Ilu, wani tsoho maƙwabcinmu da ƙafafunsa suka shanye. Ya daɗe da gaya wa 'ya'yansa cewa in an ruga kada wanda ya tsaya ɗaukarsa. Yana zaune a zaurensa da carbi, yana jira.

"Baba, ta ina suka shigo?"

Ya ɗago kai ya dube ni da mamaki.

"Ai kai za a tambaya, Malam."

"Ni?"

"Sale ya ce an yi harbi wajen makaranta, sai ga ka ka rugo ba ko hula. Ya tambaye ka mi ya faru, ka wuce ba ka ko dube shi ba. Su nawa ne? Bisa babura suke?"

Na tsaya ruwa yana zuba a kaina. Harbin da suka ji aradu ce. Mutumin da ya rugo daga yamma ni ne. Babu 'yan bindiga, babu kowa. Gari guda ya tashi saboda ni, kuma duk sun nufi wuri ɗaya, inda doka ta ce a nufa. Sai a lokacin kunnena ya rarrabe wata ƙara da take ƙarƙashin sauran, mai kauri, ba ta yankewa. Rafi ya kawo.

Na ruga. Wannan ma ba a gaya muku ba, amma na ruga. Na bi layi ina ihu, ina cewa ku tsaya, ba kowa, ni ne, ruwa ne. Ruwa ya haɗiye muryata, ko ni ba na jin kaina sosai. Na tarar da na ƙarshen ayari, wasu mata da tsofaffi da suka gaza. Suka waigo, suka gan ni a guje ina ɗaga hannu, bakina a buɗe. Wata ta yar da ƙunshin da ke kanta ta ƙara mai. Wata ta fizgi ɗanta har ya faɗi, ta ja shi a ƙasa cikin taɓo. Ihu ya tashi sabo, ya bi ayarin ya gangara gaba. Na ga da idona yadda na baya suka danna na gabansu. Duk takun da na yi da gudu, tura su nake yi cikin ruwa.

Na tsaya a inda gidaje suka ƙare. Daga nan ƙasa fili ce, gangare ne har bakin rafi, ana ganin komai. Mutanen gari duk suna can a cunkushe. Rafin ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da kara da rassa. Na ga wata saniya a tsakiyarsa, kanta kawai ake gani, tana juyawa, ta wuce. Wasu samari sun riga sun shiga, sun riƙe hannun juna. Na baya suna turawa, na gaba suna zamewa. Can cikin ruwan kuma, gaba da kowa, na hango hijabi ruwan ɗorawa. Ni na sayo wa mahaifiyarku shi a kasuwar Batsari, ba zan kasa gane shi ba.

Na yi tunanin lasifikar masallaci, na tuna batirinta ya mutu tun makon da ya wuce. Na yi tunanin waya, wa zai ɗauki waya yana gudun rai? Abu ɗaya ya rage mini. Mutanen nan jikina suka karanta suka tashi, jikina kaɗai za su karanta su tsaya. Duk safiya suna ganina ina tafiya makaranta hannu a baya, ina taku irin na hedimasta, har yara suna kwaikwayona in na ba su baya. Na mai da hannuwana baya, na kama ɗaya da ɗaya. Na ɗaga kai. Na fara takawa.

Ya ku 'ya'yana, na yi jinya, na binne iyayena, na kwana a gona ina jin harbi, amma ban taɓa shiga tsoro irin na wannan gangaren ba. Idona yana kan hijabin nan. Igiyar ruwa takan taso ta rufe shi, sai in ji numfashina ya tsaya, sai ya sake bayyana. Kowace gaɓa a jikina tana cewa ruga. Ƙafafun da suka gudu ba da izinina ba, yanzu da ƙarfi nake danne su, kamar mai riƙe da ɗan maraƙi. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Na ce ya Allah, in ka ɗauke su alhali ina wannan tafiya, da wane ido zan dubi 'yata? Na ji takalmin Ummi a aljihuna yana bugun cinyata a kowane taku. Kuma duk da haka dole fuskata ta zama ta mutumin da ba abin da ya dame shi. Hawaye na zuba, amma ruwa ya rufa mini asiri.

Wani dattijo a bayan taron ne ya fara waigowa. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya sake dubana. Ya taɓa na kusa da shi. Kawuna suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya. Sale, wanda ya durƙusa a bayan wata bishiya da bindigarsa yana tsare bayan mutane, ya miƙe ya taro ni.

"Malam, ina suke?"

"Ba kowa, Sale. Aradu ce ta faɗi a fili. Ruwa na guje wa."

Ya dube ni, na ga hannunsa ya motsa, na ɗauka mari zai kai mini, kuma da ya kai da ban rama ba. Sai ya juya zai ruga ya sanar. Na cafke rigarsa.

"Kada ka ruga. Don Allah, taka."

Ya gane. Ya ɗaga bindigar sama a kwance da hannu biyu, ya jera da ni. Muka ci gaba da gangarawa mu biyu, a hankali, kamar masu dawowa daga Juma'a. Wanda ya ga shugaban 'yan sa-kai ya ba gari baya yana tafiya haka, ya san ba kowa a garin. Turawar ta tsaya. Na ga magana tana bin taron daga baki zuwa baki har ta kai bakin ruwa. Samarin da suka shiga suka fara ja da baya. Can cikin gari ma mai buga ƙarfe ya gaji ko an gaya masa, ya bari.

Ban canja taku ba har na isa, don na san mutum ɗaya in ya zabura, duk za su sake zabura. Taron ya dare mini. Mahaifiyarku tana tsaye ruwa iya ƙirji, ta rungume wani kututturen marke da hannu ɗaya. Ta kwance goyo ta ɗora Ummi a kafaɗa, ta danne ta da ɗaya hannun. Yarinyar ta daina ma kuka. Abin da na lura da shi, ban kuma gane ma'anarsa ba sai daga baya, shi ne ba tsallake take kallo ba, gari take kallo. Aka kwanto igiya daga wata amalanke, samari suka ɗaura wa ɗayansu a ƙugu, ya shiga ya karɓo Ummi, ya koma ya jawo kakarta. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsunta daga kututturen.

A nan ne Lantana, matar da gidanta yake kallon namu, ta yi maganar da ta bi ni har yau. Ba ta san yadda aka yi ba, abin da idonta ya gani ta faɗa, kuma da ƙarfi.

"Ku dubi wanga bawan Allah! Matarshi da jikarshi na cikin ruwa, shina tahowa kamar mai zuwa ɗaurin aure!"

Kafin gari ya waye maganar ta kai Katsina ta waya. Ban riƙe Lantana a zuciya ba. Ita ma ɗanta ne ya gurje a taɓo.

Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. An rasa saniyar nan da awaki, wata mata ta karye a hannu. Mai gari ya kira ni a gaban dattawa. Bai ci mutuncina ba, ya dai ce maganina ya fi ƙarfin garin, in nemi wani. Na ce na ji. Tun daga ranar ban sake sassarfa ba, ban sake sa komai a kunnena ba. Ciwon kuwa ya cika alkawarin da likita ya yi mini, kun ga yadda ƙafata ta hagu ta koma. Ummi ta yi zazzaɓi da tari, ta warke. Yayarku ta zo da kanta, ta durƙusa ta gaishe ni kanta a ƙasa, gaisuwa cikakkiya ba abin da ta rage, ta goya 'yarta ta tafi. Ba ta tambaye ni komai ba, ba ta kuma sake kawo ta ba. Na sha ce wa mahaifiyarku ta yi mata bayani, sai ta ce ita ba ta iya zama da 'yar fari tana wanke mijinta, lokaci zai yi. Lokaci bai yi ba har Allah ya karɓi abarsa, bayan mun koma Safana. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Saboda haka abin da mahaifiyarku ta faɗa mini a yammacin ranar, ni kaɗai na ji shi, kuma ba na so in tafi da shi. Ke Yaya, ke nake rubuta wa wannan. Mun dawo gida dab da magariba, ruwa ya tsagaita. Ta hura wuta a madafa, ta tuɓe wa Ummi jiƙaƙƙun kaya, ta naɗe ta a zane tana gasa mata ƙafafu. Hannunta duk ya kuje, jikinta na ɓari. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, na kasa shiga, na kasa tafiya, ina jiran ta faɗi abin da Lantana ta faɗa. Na ciro ɗan takalmin daga aljihu na ajiye kusa da ita. Ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, ka san inda na tsaya?"

Na ce na gani.

"Ba ka gani ba. Gaba da kututturen nan ba ƙasa, na laluba da ƙafata. Na riga na yi shahada zan saki, don na ce da su taɓa ɗiyar mutane, gara ruwa. Sai na ce bari in waiga in ga ko sun iso. Sai na hango ka bisa gangare, hannu a baya."

Ta gyara wa Ummi zane.

"Na ce a raina, mutumin da suga kaɗai ke sa shi gudu kullum, in da bindiga a bayanshi ba zai taho haka ba. Sai na riƙe."

Na zauna a ƙasa, a nan bakin ƙofa. Ta ɗago ta dube ni, ba tsokana a fuskarta ko kaɗan.

"Da ka rugo, Malam, da na saki."

Sai ta miƙo mini 'yarki, ta ce in riƙe ta da kyau, za ta duba ko tuwon nan zai ciwu.